Wankin Haƙori Kyauta a Wurin Dakta Sha'aban

A bayan tasha a garin Daura akwai wani ɗan asibitin haƙori, ɗaki biyu da baranda, na wata mata mai suna Murjanatu. Ta yi karatun aikin, takardarta na rataye a bango, kuma kowa ya shaide ta da sauƙin hannu. Ƙanenta Sha'aban shi ke share wurin, shi ke tayar da janareto, shi ke kiran wanda layi ya zo kansa. Iyakar aikinsa ke nan. Amma in ka same shi a teburin Jafaru mai shayi da ke tsallaken titi, sai ka rantse shi ya koya wa Turawa cire haƙori.

"Ai Yaya Murja hannu ce kawai," in ji shi, yana hura shayi. "Ni ne kan. In ta buɗe bakin mutum ta rikice, ido take ɗagowa ta dube ni. In na ɗaga gira ɗaya, a kankare. In na ɗaga biyu, a cire."

"In ka yi atishawa fa?" Jafaru ya tambaya.

"Sai a sallami mutum, lafiyarsa lau."

Wata Talata aka kira Murjanatu taron ma'aikatan lafiya a Katsina. Da za ta shiga mota ta miƙa wa Sha'aban mukulli, ta riƙe shi bata saki ba.

"Ka share, ka zauna a baranda. Duk wanda ya zo ka ce masa gobe. Kada ka taɓa komai, Sha'aban. Ko makunnin fitila."

"Haba Yaya, sai ka ce yaro."

"Da yaro ne ai da hankalina ya kwanta."

Motar ba ta gama fita daga tasha ba Sha'aban ya zura farar rigar aikinta. Hannun rigar ya tsaya masa a gwiwar hannu, maɓalli ɗaya kawai ya yarda ya shiga. Sunanta da ke ɗinke a aljihu ya manne shi da filasta. Ya rataya takunkumi a haɓa, ya tsallaka titi yana taku ɗaiɗai.

A teburin shayi ya tarar da Alhaji Mati, babban mai fataucin shanu daga Mashi, mutum mai jiki, mai goro a kunci kullum, wanda in ya yi dariya haƙorin Makkansa sai ya haska wurin. Nan take dabara ta faɗo wa Sha'aban. Ya yi gyaran murya.

"Jama'a, yau ranar wankin haƙori kyauta ce. Ni zan yi da hannuna. Da ma kunya ce ke hana ni nuna kaina a gaban yayata."

Alhaji Mati ya dube shi sama da ƙasa. "In da gaske ka iya, ina da shago a kasuwar Mashi, ba kowa ciki sai buhunan dusa. In ba ka, ka buɗe naka."

Sha'aban ya ji har an rubuta sunansa a allo da jan fenti.

"Amma fa," Alhaji ya ƙara, "ni ba na sayen bijimi sai na ga tafiyarsa. A fara da wani."

Kowa ya kalli Jafaru. Jafaru ya ce yana da ruwa a wuta. Aka ce za a duba masa. Haka aka tasa shi gaba har cikin asibitin, mutane na biye. Masu son gani suka cika taga, cikinsu har da Inna Barakatu mai ƙosai, wadda kaskonta ke gindin tagar.

Kujerar aikin tana da madannai a ƙasa da ake takawa da ƙafa. Sha'aban ya sha ganin Murjanatu tana takawa, bai dai taɓa lura da wanne ne wanne ba. Jafaru ya zauna, Sha'aban ya taka na farko. Kujera ta tashi sama. Ya taka na biyu. Kan Jafaru ya yi ƙasa, ƙafafunsa suka nufi rufi, hularsa ta gangara ƙarƙashin tebur.

"Kai, Sha'aban! Bakina za ka wanke ko ƙafata?"

"Ka natsu. Sai jini ya taru a ka tukuna. Sabon salo ne."

Da ƙyar ya samo madannin da ya daidaita shi. Ya ɗauko ɗan madubin nan mai sanda ya leƙa bakin Jafaru, ya girgiza kai kamar wanda ya ga gobara. Ya jawo abin fesa ruwa ya danna, ruwan ya wuce baki ya shige hanci. Jafaru ya tashi zaune yana tari.

"Haka ake yi," in ji Sha'aban. "Mu nan ciki da waje muke wankewa."

Daga nan ya nemi man da ake goge haƙori da shi. Idonsa ya faɗa kan wani gwangwani mai gari ruwan hoda. Garin nan shi Murjanatu ke kwaɓawa in za ta ɗauki siffar bakin wanda za a yi wa haƙorin roba, kuma da an kwaɓa shi ba ya jimawa yake daskarewa. Sha'aban bai san wannan ba. Ya kwaɓa cikin kofi kamar mai shirin soya fanke, ya ɗura wa Jafaru sama da ƙasa, ya ce ya rufe baki. Sannan ya juya yana yi wa 'yan taga bayanin yadda ya ƙi tayin aiki a Jidda saboda son gida.

Da ya juyo ya ce, "Buɗe."

Jafaru bai buɗe ba.

"Na ce ka buɗe."

"Mmm! Mmmm!" Idanun Jafaru sun fito, yana nuna bakinsa da hannu biyu.

"Me yake cewa?" Alhaji Mati ya tambaya.

"Godiya yake yi."

Inna Barakatu ta zuro kai ta taga. "Bar shi haka, ɗan nan, don Allah. Yau kam ka yi aikin lada. Tun da ya kafa teburin nan kunnena bai huta ba."

Sha'aban ya sa yatsa ya ja, Alhaji ya riƙe kan Jafaru, aka yi ta kokawa har abin ya fito ɓul, dunƙule guda, da shatin kowane haƙori a jikinsa. Alhaji ya karɓa ya jujjuya.

"Wannan duk datti ne?"

Sha'aban ya gyaɗa kai. "Duk datti ne, Alhaji. Na shekara da shekaru."

Jafaru, da ya buɗe baki zai yi zagi, ya kalli dunƙulen ya yi sanyi. "Innalillahi. Duk wannan a bakina yake, kuma nake cin abinci?" Ya karɓa ya fita da shi yana nuna wa mutane, kafin ka ce me layi ya kai bakin titi.

Na biyu shi ne Baba Hamma, tsohon maigadin tasha, wanda haƙoran da suka rage masa ba su cika hannu ɗaya ba. Ya ce ya taɓa zuwa, yana da kati. Murjanatu tana ajiye katin kowane mai zuwa a cikin durowa, a jere bisa lamba, kowa da zanen bakinsa da abin da aka yi masa da ranar da zai dawo. Baba Hamma ya yar da 'yar takardar lambarsa tuni. Sha'aban ya zaro durowar gaba ɗaya ya juye a kan tebur, ya yi ta tono har ya ga kati mai suna Hamma. Bai duba shekaru ba, ballantana ya gane na jikan tsohon ne, takwaransa ɗan firamare.

Ya karanta yana bin layi da yatsa. Ya ɗago.

"Baba, albishirinka."

"Goro."

"Katinka ya ce haƙoran gaba sun faɗi."

"Wannan ai kowa ya gani."

"Ya ce a bar su, kada a yi komai, sababbi za su fito da kansu."

Baba Hamma ya dafe ƙirji. "Sababbi? A bakina?"

"Ga shi a rubuce. Sai dai an ce a rage maka alawa."

"Allahu Akbar! Ni da na yi bankwana da tsire tun mulkin soja! Alawa kuwa na daina daga yau."

"Da ma kana sha?" Inna Barakatu ta tambaya.

"A'a. Amma na daina."

Ya fita yana sa wa Sha'aban albarka, ya nufi wurin mai nama.

Rana ta take, ɗakin ya cika da mutane da zafi. Sha'aban ya murɗa fankar sama har ƙarshe. Katunan da ke kan tebur suka tashi kamar an kori tantabaru. Wasu suka shige ƙarƙashin kujera, wasu suka fice ta taga. Ɗaya ya sauka cikin man Inna Barakatu ya fara soyuwa.

"Sha'aban! Ga bakin wani nan a kaskona!"

"Tsamo shi, Inna, ya huce, zai yi amfani."

Ya tattara waɗanda hannunsa ya kai ya cusa a durowa yadda suka zo, ya danne da gwiwa. Alhaji Mati dai dunƙulen Jafaru ya riga ya gamsar da shi. Ya tofar da goronsa, ya tattare babbar riga, ya hau kujera. Sha'aban ya ɗauko sabon kati ya cike shi da kansa. Wurin suna ya rubuta Alhaji. Wurin ciwo ya rubuta goro. Wurin magani ya rubuta Dakta Sha'aban.

"Alhaji, kai babban mutum ne. Babban inji za a sa maka."

Ya ɗauko injin kankare datti, wani abu kamar biro mai siririn baki, da ke kuka zuuu yana fesa ruwa. Ya ɗauko kuma bututun da ke tsotse miyau da ruwa daga baki. Duka biyun ya murɗa su har inda suka tsaya. Bututun ya fara da gemun Alhaji. Da aka ɓamɓare shi ya kama leɓe. Da aka ɓamɓare shi daga leɓe ya cafke harshe.

"Yana gaishe ka ne, Alhaji. Haka yake yi wa manya."

A gaskiya injin ya ɗan ci tsatsar goro a haƙoran ƙasa, har 'yan taga suka yi kabbara. Wannan kabbarar ce ta gama lalata Sha'aban. Ya ɗaga leɓen Alhaji na sama, zinare ya haska.

"Bari in sa wannan ƙyalli har a hango shi daga garin Dutsi."

Alhaji ya yi ƙoƙarin cewa a bar wannan, amma da madubi da bututu da yatsun Sha'aban duk a bakinsa, abin da ya fito bai yi kama da Hausa ba. Sha'aban ya ɗora bakin injin a gindin zinaren ya danna. Haƙorin Makka ai hula ce ake manna wa haƙori. Injin ya girgiza ta, ta yi motsi, ta suɓuce. Bututu ya ce fuut. Aka ji wani ɗan ƙwal-ƙwal yana tafiya cikin tiyo, sannan shiru.

Inda zinare yake, sai wani ɗan guntun haƙori mai launin ƙasa, yana tsaye shi kaɗai kamar wanda aka cire wa rawani.

Sha'aban ya sa hannu ya rufe wa Alhaji baki a hankali. "An gama. Sharaɗi ɗaya ne: ba dariya, ba duba madubi, sai bayan Sallah."

Amma harshe ba ya jin sharaɗi. Aka ga kuncin Alhaji na motsi. Aka ga ya tsaya cak.

"Ina haƙorina?"

"Wanne daga ciki, ranka ya daɗe?"

"Na Makka!"

"Yana nan. Wankin ne ya yi kyau har zinaren ya fita."

"Ya fita ya tafi ina?"

"To... ƙila ka haɗiye. Ba abin damuwa ba ne. A jira gobe da safe, a tanadi rariya."

Inna Barakatu ta zauna a ƙasa don dariya. Alhaji ya yunƙuro zai tashi, Sha'aban ya ja da baya a firgice, ƙafarsa ta sauka a kan madanni. Kujera ta kwantar da Alhaji, kai ƙasa, ƙafafu sama, babbar riga ta zubo ta rufe masa fuska. Daidai nan janareto ya yi tari, ya sake tari, ya mutu. Mai ya ƙare. Kujera ta tsaya inda take.

Daga cikin rigar hannu ya fito yana lalube, ya dace da wuyan farar rigar Sha'aban, ya damƙe.

"Ƙisasi!" muryar Alhaji ta fito daga ƙarƙashin shadda. "Wallahi sai an yi ƙisasi! Haƙori da haƙori!"

Lokacin ba a daɗe da kafa Shari'a a jihar ba, kowa ya zama ɗan ƙaramin alƙali a bakin titi. Nan da nan taga ta koma kotu. Wani ya ce ai ba za a haɗa haƙorin da ya je Makka da wanda ko Kano bai taɓa zuwa ba. Jafaru, da ya dawo da dunƙulensa a hannu, ya ce a yi sassauci, mutumin ya taimake shi. Inna Barakatu ta ce a cire na gaba guda biyu, ɗaya na Alhaji, ɗaya na man da ya ɓata mata. Wani kuma ya ce a kira 'yan Hisba.

"Jama'a, ku tsaya," in ji Sha'aban, wuyansa a hannun Alhaji. "A aikin likita irin wannan ba kuskure ake kiransa ba."

"Me ake kiransa?"

Muryar daga ƙofa ta zo. Mutane suka dare. Murjanatu ce tsaye da jakarta a kafaɗa. An ɗage taron, ta hau motar farko ta juyo. A hannunta akwai katuna uku da ta tsinta tun daga bakin tasha, ɗaya da shatin tayar babur.

"Yaya, sannu da hanya. Da ma yanzu nake cewa..."

"Cire mini rigata."

"Alhaji ya riƙe."

Murjanatu ta ajiye jakarta. Ta nuna wa Jafaru jarkar mai a bayan ƙofa, ya je ya zuba ya tayar da janareto. Ta taka madanni sau ɗaya, kujera ta miƙe da Alhaji zaune, ido jajur, ya saki wuyan rigar. Ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri, ta tambayi abin da ya faru. Mutum goma suka amsa lokaci guda. Ta wanke hannu, ta durƙusa gefen kujera, ta kwance wani ɗan kofi da ke gindin tiyon, mai 'yar rariya a ciki. Ga zinare nan kwance.

"Kun ga," in ji Sha'aban, "na ce muku a tanadi rariya."

Kallo ɗaya ta yi masa ya koma jikin bango. Ta dafa hular zinaren a tukunyar dafa kayan aiki, ta busar da haƙorin, ta manna ta yadda take. Tana cikin haka ta hango abin da ke hannun Jafaru.

"Malam Jafaru, me kake yi da garin awon bakina?"

"Dattin bakina ne, Hajiya."

"Ba datti ba ne. Gari ne na gwangwani, ya ɗura maka."

Jafaru ya kalli dunƙulen, ya kalli Sha'aban. "Na janye sassaucin. A cire uku."

Sai ga Baba Hamma ya shigo da tsire a takarda, yana tambaya ko za a fara jin ƙaiƙayi a dasashi kafin su fito. Murjanatu ta nemo katin ta duba, ta ce masa a hankali na jikansa ne. Tsoho ya kalli tsirensa. Ta ce ya dawo ranar Alhamis ta auna bakinsa a yi masa na roba, zai ci tsire in Allah ya so.

"To wannan fa?"

"Kawo in adana maka," in ji Inna Barakatu, ta miƙo hannu ta taga.

Alhaji Mati ya duba madubi, ya taɓa zinarensa, ya sauko daga kujera. "Hajiya, na gode, aikinki ya yi. Amma ni an cire mini haƙori a gaban jama'a, an kuma ɗaga ƙafafuna sama. Na rantse sai an cire nasa."

Murjanatu ta yi ɗan tunani. "Sha'aban, hau kujera."

"Yaya, ni fa ɗan'uwanki ne, ciki ɗaya."

"Hau."

Ya hau. Ta kunna fitila, ta ɗauko madubi mai tsabta, ta leƙa. Ta ja da baya.

"Subhanallahi. Wannan turmin na can ƙurya tun yaushe ya ruɓe haka?"

"Ba ya ciwo sai in na sha ruwa, ko na ci abinci, ko na kwanta."

"Ko ba Alhaji, yau sai ya fita. Alhaji, zo ka duba. In ka yarda da shi, shi ke nan."

Alhaji ya zo, ya kama haɓar Sha'aban kamar yadda yake kama ta bijimi a kasuwar shanu, ya leƙa ciki, ya kawar da kai da sauri. "Na yarda."

Murjanatu ta ja labulen taga. 'Yan waje ba su ga komai ba, amma sun ji komai.

"Wayyo Allah! Wayyo Inna! Ta kashe ni!"

"Ban taɓa ka ba, Sha'aban. Safar hannu nake sawa."

Ta yi masa allurar kashe zafi, ta jira ta kama, ta cire turmin ba tare da wahala ba. Alhaji ya fito da shi a cikin ɗan faranti, ya ɗaga shi a rana yana jujjuyawa.

"Tun ina yaro nake buɗe bakin shanu," in ji shi, "ban taɓa cin karo da irin wannan ba. Na yafe. Maganar shago kuma a bar ta."

Can sai ga Sha'aban ya fito baranda, ba riga fara, kunci ɗaya ya kumbura da auduga, hannunsa cike da katunan da aka ce ya jera bisa lamba kafin ya ga ƙofar gida. Ya dubi taron, ya gyara tsayuwa.

"Kun dai ji wannan ƙarar?" ya ce, maganar na fita ta gefe ɗaya. "Kada wani ya ɗauka tsoro ne. Umarni nake ba ta. Kama nan, murɗa can."

"Mu dai wayyo Inna muka ji," in ji Inna Barakatu, tana tsinke tsire.

"To ai da yaren likitoci ne. Ba kowa zai..."

"Sha'aban!" Murjanatu ta kira daga ciki. "Ka cije audugar nan ka rufe baki, ko in dawo da kai in duba ɗaya gefen."

Ya cije. Ya zauna a kan benci ya fara jera katuna, har da soyayyen. Mutanen bayan tasha sun ce daga nan har aka kira la'asar ba a ji ko tarinsa ba, kuma wasu sun ƙi tafiya gida don kawai su ga abin da idonsu.